Mai Gadin da Na Cire Daga Injin

A madafar gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Dayi, akwai wani guntun icce da aka kafa a bango daidai saman murhu. Tun da na yi wayo, duk kaka mahaifina yakan rataye wani ƙullin zangarniyar dawa a wurin, hayaƙi ya yi ta dukansa har damina ta zagayo, don kada ƙwari su taɓa shi. Ba wani babban dami ba ne, mutum zai iya saƙale shi a hammata ya yi tafiyarsa. Gajera muke ce wa dawar. Ja ce, karan nata bai fi tsayin mutum ba, kuma tana nuna tun sauran dawa ba ta gama fitar da kai ba. Baba ya gaje ta wurin mahaifinsa. Kunya biyar kacal yake shuka mata a gindin gona, inda ƙasa ta fi yashi, sauran gonar kuwa farafara ce kamar ta kowa.

Maƙwabta sun daɗe da barin ta. Ba ta da auki, kuma da yake ita kaɗai ke nuna da wuri, duk tsuntsun da ke yankin a kanta yake sauka. Sukan tsokani Baba su ce tsuntsun jan baki yake yi wa noma. Shi dai ba ya musu da kowa. A farin nan na shekarun saba'in, da ruwa ya ɗauke farafara na tsaye ba ƙwaya, kunya biyar ɗin nan ne suka riƙe gidanmu har aka samu mafita. Ni ina makarantar kwana a lokacin, labari kawai na ji, shi ya sa abin bai zauna min a rai ba.

Na fara aiki a Funtua a farkon shekarun tamanin, a wani ofishin gwajin iri. Aikin ofishin shi ne a shuka dawa iri-iri a 'yan filaye a Mahuta da Bakori da wajen Dayi, a auna abin da kowace ta bayar, a rubuta, shekara bayan shekara, har a gane wadda ta dace da wace ƙasa. Kowane iri lamba gare shi, babu suna. Ni ba malamin gona ba ne, kwamfuta aka damƙa min, wadda a lokacin injin kawai muke cewa. Girmansa ya kai kabad biyu, ɗakinsa daban, har da iyakwandishan, alhali shi kansa Oga, babban malamin gona, fanka ce a ofishinsa. Injiniyan da ya kafa shi ya koya min aiki sati shida, ya bar min wani littafi mai kaurin bulo, ya koma ƙasarsu. Daga ranar duk faɗin Funtua babu mai iya ce min na yi kuskure, kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai hali irin nawa.

Mu biyu ne a ɗakin. Ɗayar wata mata ce, Kirista, uwarta Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwar Funtua. A garin aka haife ta, kuma in ta saki Hausa da karin magana, ni ɗan Dayi sai in yi shiru. Ita ke buga lambobin da malaman gona suka rubuto daga filaye, ta shigar da su cikin injin. Madam nake ce mata. Ita kuma Malam take ce min, sai in tana son ta tsokane ni ta ce Injiniya.

Dole in ɗan faɗi yadda injin yake, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Ƙwaƙwalwarsa wasu faranti ne huɗu koraye a cikin kabad ɗin, kuma ƙarama ce ƙwarai. Wayar da jikata ke wasa da ita yau ta ninka ta ba adadi. Duk aikin da za a yi sai ya samu wurin zama a cikinta tukuna. Akwai wani babban tsari da ke fara shiga da zarar an kunna, shi ke raba wa sauran ayyuka wuri, ya ce kai zauna nan, kai jira, kai fita. Madam ce ta raɗa masa fatoma, irin mai masaukin fatake, sunan kuwa ya bi shi. Matsalar fatoman nan, shi ma a gidan yake kwana, shi da yaransa. Akwai yaron da ke kula da injin bugawa na biyu, akwai mai kula da tef ɗin da ake adana lambobi a kai, akwai mai ba mutum biyu damar yin aiki lokaci ɗaya. Kowanne da ɗakinsa, kuma duk ɗakin da suka cinye baƙo ne ya rasa.

Waɗanda suka rubuta fatoman sun san da haka, sai suka yi dabara. A cikin littafin, rubutun kowane yaro an kewaye shi da alama sama da ƙasa, ma'anarta in an ce e a haɗa da wannan, in an ce a'a a tsallake shi kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Injin zai jero maka tambayoyi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗauki amsoshinka ya ƙera sabon fatoma daidai da su. Ƙirar takan ci wuni, daga safe har la'asar. Wanda ka ce wa a'a kuwa ba barci yake ba balle ka tashe shi ranar da buƙata ta taso. Babu shi ne kwata-kwata, sai ka sake wani wunin ƙira.

A ranin shekarata ta uku, Oga ya ce a haɗa awon shekara uku wuri ɗaya, a fitar da irin da ya fi a kowane yanki kafin damina. Na ɗora aikin, injin ya ce babu wuri. Na rage nan, na matse can, ya sake cewa babu wuri. A sayo ƙarin faranti kuwa sai an aika ƙasar waje, kafin ya iso an yi girbi. Oga ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi, na ce masa, "Ranka ya daɗe, a bar min, zan samo wurin."

Na zauna da jerin tambayoyin. Injin bugawa na biyu? Ba mu da shi ma, a'a. Mutum biyu lokaci ɗaya? Madam za ta jira ni, a'a. Haka na bi su ina kora kamar mai fitar da 'yan haya. Da na gama na lissafa, saura ɗan wuri kaɗan aikin ya shiga, abin takaici, bai taka kara ya karya ba. Sai idona ya faɗa kan tambayar da na tsallake tun farko, wato ta mai gadi.

Aikin mai gadin nan ɗaya ne. Duk lambar da aka ajiye a ƙwaƙwalwa akan yi mata wata 'yar shaida, in an zo ɗauka sai ya duba ko tana nan yadda aka bar ta. In ta canza, ya tsayar da komai, ya buga ƙararrawa, ya faɗi farantin da ya lalace. Shekara biyu da rabi ina ɗakin nan ban taɓa jin ko tarinsa ba. Ɗakin da yake ci kuwa ya ɗara abin da nake nema.

Madam na zaune da tsohon ciki, ta ɗora ƙafafunta a kan kwalin takarda. Na ce, "Madam, na samu wurin. Mai gadi zan sallama."

Ta ce, "Laifin me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Laifinsa ke nan. Shekara biyu da rabi yana cin ɗaki, ko ɓera bai kama ba."

"To ai Malam, don ɓarawon bai zo ba ne."

Na ce in ya ga dama ya zo, na danna a'a, na bar injin yana ƙira. Da la'asar, ana dab da gamawa, sai ya tsaya cak ya bugo min ƙorafi. Ashe wurare bakwai a cikin fatoman suna kiran mai gadi da sunansa, suna tambayarsa ko lambobi lafiya, kuma an neme shi an rasa. Wuni guda ya tafi a banza. Na buɗe littafin a fusace, na tarar masu shi sun riga ni tunani. A ƙarƙashin alamar a'a sun bar gurbi, suka ce duk wanda ya cire mai gadi sai ya ajiye wakili a madadinsa, layi biyu kawai, wanda ba ya duba komai amma yana amsawa in an kira. Suka ba da shawarar wakilin ya riƙa cewa ba a duba ba. In ya faɗi haka, injin zai riƙa buga gargaɗi a saman kowane shafi, kuma duk safiya sai na danna masa yarda kafin ya fara aiki.

Raina bai so ba. Takarda za ta je teburin Oga, a saman kowane shafi an rubuta ba a duba ba, kamar wani ne ke tona min asiri a gaban mutane. Na ga ai amsa biyu ce wakilin zai iya bayarwa, kuma ɗayar ta fi daɗin ji.

Na ce, "Madam, a ina kika taɓa jin an gaida mutum ya ce ban duba ba? Ko a gadon asibiti yake, lafiya lau zai ce."

Ta yi min wani kallo ta ce, "Injiniya, injin nan surukinka ne? Su fa tambayarsa suke yi, kai kuma ka ɗauka gaisuwa ce."

"Duk ɗaya. Lafiya ce dai, shekara biyu da rabi lafiya ce."

"To. Wanda bai ji bari ba…"

Na ce hoho ɗin ma a ajiye min, ina so. Na rubuta layi biyun da hannuna. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce, lafiya lau. Washegari ƙira ta kammala, aikin shekara uku ya shiga daram, har da ragowar wuri. Oga ya ba ni hannu a gaban ma'aikata. Wallahi ranar in ka taɓa hancina sai ka ƙone.

Bayan sati biyu Madam ta tafi hutun haihuwa, bazara kuma ta kama sosai. Iyakwandishan ɗin ya fara tari, wata rana da tsakar rana ya ɗauke gaba ɗaya sai an kira mai gyara. Nakan buɗe ƙofa in aro fanka in juya ta wajen kabad ɗin, in ci gaba da aiki, don lokaci ya ƙure. Injin bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. A cikin wannan zafin ne ya bugo sakamakon, kuma a yankin Dayi iri mai lamba tara ya yi wa sauran fintinkau, tazarar ba ta wasa ba.

Oga ya karanta ya ɗaure fuska. Ya ce abin ya yi kyau da yawa, kuma dokar ofis ita ce ba a kai wa manomi iri sai an sake bin lissafin da hannu an kuma ƙara shekara guda ana gwadawa. Na ce to a baki, a zuci kuwa na ce tsoro ne irin na tsofaffin ma'aikata. An yarda ma'aikaci ya ɗebi ragowar iri a sito ya gwada a gonarsa. Na auni tiya huɗu na lamba tara, na ɗaure a bayan babur, ranar Asabar na kama hanyar gida.

Na tarar da Baba a zaure da abokansa biyu. Akawu yake ce min tun da na fara aiki, rabi wasa rabi alfahari. Bayan gaisuwa na kwance buhun, na baje takardar injin a kan tabarma ko da yake babu mai karanta ta a cikinsu, na yi ta zuba. Na ce awon shekara uku ne, injin ne ya lissafa, kuma injin ba ya son kai ba ya mantuwa. Na ce duk ƙasar Malumfashi babu wanda ya samu irin nan sai shi. Baba ya ɗebi ƙwayar ya murza a tafin hannu, ya ciji ɗaya.

Ya ce, "Akawu, dawa ce mai kyau. Zan sa ta a madadin farafara. Amma kunya biyar na gindin gona a bar wa Gajera."

Da na yi shiru a nan da ba a yi wannan rubutun ba. Amma ni da na kori mai gadi na ga aiki ya yi kyau, ai na zama gwanin samo wuri. Na ce, "Baba, shekara nawa rabon da Gajera ta yi maka wani amfani?"

Ya ɗan yi tunani ya ce tun fari.

Na ce, "Kusan shekara goma ke nan tana cin wuri tana ciyar da tsuntsaye. Haba Baba! Kunya biyar fa dami nawa ne a wannan irin?"

Abokansa suka yi dariya, ɗaya ya ce ai sun daɗe suna faɗa masa, yau ga boko ma ta faɗa. Baba ya dube ni, ya dube su. Na san yanzu abin da ya auna. Ɗansa ne na fari da ya yi karatu, ya zo da takarda a gaban mutane, kuma bai so ya watsa min ƙasa a ido. Ya ce, "To, Akawu. Yadda ka ce." Ya sa aka shigar da buhun ciki.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Da na zo ganin tsiro bayan sati uku, gonar ta yi kore shar tun daga bakin hanya har gindi, kai ɗaya, gwanin sha'awa. Inna ta yi min tuwo ranar, wani ja-ja mai ɗan zaƙi, da miyar kuka da man shanu. Malmala biyu na tashi da su, har na ce mata rabona da tuwo mai daɗin wannan tun ina yaro. Ta ce Allah ya yi albarka, ta kwashe kwanon.

Madam ta dawo aiki damina ta yi nisa, dawa ta kai gwiwa. Takardar sakamakon na manne a bango, don na manna ta inda duk mai shigowa zai gani. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta tsaya tana karantawa, sai ta ja tsaki.

"Lamba tara? A Dayi? Malam, ni na buga lambobin nan da yatsuna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Lamba tara a Mahuta ta yi abin kirki, inda ruwa ke daɗewa. A wajenku ko kusa."

Na ce ta daɗe a gida, lissafi ya kwance mata. Ba ta kula ni ba, ta ɗauko littattafan malaman gona daga kabad ta dire a tebur. Muka bi su shafi-shafi da ɗan injin lissafi na hannu, tana karantawa ina dannawa. Kafin azahar amsa ta fito. Lamba tara na can ƙasa-ƙasa a yankin Dayi, kuma a duk irin da muke gwadawa ita ta fi kowa buƙatar dogon ruwa. Na ce a sake. Muka sake, amsar ba ta motsa ba.

Washegari na ƙera fatoma da mai gadinsa na gaske, na kunna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙararrawa ta ɗauka, karo na farko da na taɓa jin ta, wata 'yar siririyar ƙara mai ban haushi. Ya bugo cewa faranti na uku ya lalace. Zafi ya taɓa wani gurbi guda a jikinsa, duk lambar da aka ajiye a wurin sai ta fito da ƙari, kuma jimillar lamba tara ta Dayi a nan ta zauna. Sau nawa fatoma ya tambaya a cikin watannin nan, Allah kaɗai ya sani, wakilina kuma yana ta amsa masa da abin da na koya masa.

Madam ba ta ce min ai na gaya maka ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka. Cewa ta yi, "Wa ya yi aiki da takardar nan?"

Na ce Oga ya ce a jira.

"Mun gode Allah. Ashe ba a kai wa kowa ba."

Na kau da kai na shiga tattara takardu. Ta juyo ta dube ni da kyau ta ce, "Malam, me ka yi?"

Na faɗa mata duka, har da kunya biyar. Tsoro ne sosai ya kama ni. Ita kuwa sai ta shiga lissafi da yatsu. Ta tambaye ni kwana nawa Gajera ke yi ta nuna, na faɗa mata yadda na sani. Ta ce in aka shuka ta a cikin satin nan, ko a tsakanin kunya ne, za ta iya kuɓuta ko da ruwa ya ɗauke da wuri, a samu na ci kaɗan, a samu iri. "Tashi ka tafi. Ni zan yi wa Oga bayanin farantin."

Na hau babur ko ruwa ban sha ba. Hadari ya tare ni a Bakori, ban fake ba, na bi ta Malumfashi a jiƙe sharkaf. Da na isa gida ko sallamar kirki ban yi ba, na wuce zaure na faɗa madafa. Inna na tsugune tana hura wuta. Na ɗaga kai na dubi iccen nan na saman murhu. Babu komai a jikinsa sai baƙin hayaƙi da guntun igiya.

Na ce, "Inna, ina Gajera?"

Ta ce, "Wace Gajera kuma? Lafiya ka shigo haka kamar an koro ka?"

Baba ne ya amsa daga bayana, ya biyo ni daga zaure. "Akawu, ai ka ce a bar ta. Iri kuwa in ya tsallake damina ƙwari ne za su ci. Na ce da uwarka ta daka." Ya ƙara da cewa, "Kai ma ka ci. Ranar da ka zo ganin tsiro."

Na zauna a kan turmin da ke kife a bakin madafa. Kash! Malmala biyu, har da santi.

Daga nan na ce masa lissafin kuskure ne, lamba tara ba ta dace da ƙasarmu ba. Ya ce ai injin ma ɗan Adam ne ya ƙera shi, dole wata rana ya yi tuntuɓe. Ya ba ni ƙofar fita ke nan, kuma na so in bi ta. Amma na ce masa injin bai yi laifi ba, ni ne. Na ba shi labarin mai gadin da na sallama don neman wuri, da wakilin da na ajiye wanda duk aka tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Na ce na ɗauka haka mutane ke yi, haka shi ma yake yi in an gaishe shi.

Baba ya saurara har na gama. Ya ce, "Shi wakilin naka, ya san ba lafiya ba yake cewa lafiya?"

Na ce, "Bai san komai ba, Baba. Ba ya dubawa."

Ya ce, "A'a, to ba irina ba ne. Ni sai na duba nake faɗa." Ya juya ya ce wa Inna ta samo min busasshiyar riga.

Kwana biyu na yi ina yawo ƙauyukan da ke kewaye da mu ina tambayar ko akwai mai sauran Gajera. Tsofaffi sun san ta, kowa ya ce ai wurin babanka kaɗai ta rage. Na koma Funtua. Aka aika a kawo sabon faranti, Oga ya yi min faɗan da ya dace, aka wuce wurin. Na goge wakilina na rubuta wanda littafin ya ce, kuma har na bar aikin, duk abin da na cire daga injin sai na sa ya faɗi a saman takarda cewa babu shi. Na kuma koyi raba aikin gida biyu, ya shiga ba tare da an kori kowa ba. Dabarar ba ta fi ta kwana ɗaya ba, da na nema tun farko.

Shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Ba fari ne irin na da ba, masu farafara sun samu rabi, wasu fiye. Lamba tara kuwa ta yi tsayi har ta wuce ta kowa, ta fitar da kai manya-manya, ruwa ya tafi ya bar ta ba ta yi ƙwaya ba. Abinci dai ba a rasa ba, ina aiki, na riƙa kawo hatsi daga Funtua. Gajera ce ba ta sayuwa. Shekaru na yi ina leƙa kasuwar Bakori da ta Malumfashi, duk jar dawar da na gani mai kama da ita sai in kawo masa tiya guda. Yakan murza, ya ciji ɗaya, ya ce dawa ce mai kyau, Allah ya yi albarka. Bai taɓa rataye ko ɗaya ba. Iccen yana nan a bango har aka rushe madafar bayan rasuwarsa.

Ranar da aka fara girbin shekarar na je, na same shi a gona shi kaɗai da hantsi, ya riga masu taya shi fitowa. Na durƙusa na gaishe shi, sannan bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa, tun kafin in tare shi.

"Baba, ya gona?"

Ya juya wajen dawar. Ya kamo wata zangarniya ya lanƙwaso ta, ya murza a hannu, ya hura, iska ta kwashe duka ba abin da ya rage a tafinsa. Ya dubi gonar tun daga bakin hanya, a hankali, har idonsa ya kai gindi wajen yashin nan, ya daɗe a wurin. Ina durƙushe ina jira.

Ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga ya ce, "Lafiya lau, Akawu. Ya hanya?"